Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, tana da zanzana a fuska. Sa'ad da nake yaro nakan sa yatsa ina ƙirga ramukan, ita kuwa tana dariya tana cewa, "Ƙirga da kyau, maigida, kowane ɗaya kabari ne na tsallake." Agana ce ta kama ta tana yarinya, ta kuma ɗauke mata ƙanne biyu a shekara guda.

Saboda haka da malaminmu na tarihin kimiyya ya ce kowa ya rubuto yadda aka ci galabar wata cuta, ban yi wata-wata ba na zaɓi agana. Na shiga laburare, na sauko da wani ƙaton kundi. Ga hoton Edward Jenner, likitan Ingila, wanda a 1796 ya ɗebi ruwan ƙurjin aganar shanu daga hannun wata mai tatsar nono, ya tsaga wa wani yaro don rigakafi. A 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce agana ta ƙare a doron ƙasa. Na kwafe na miƙa. Malam ya dawo mini da takardata, ya rubuta da jan biro: "Kafin Jenner fa?"

To, jama'a, da na koma bincike sai na ga abin mamaki. A 1717 Mary Montagu, matar jakadan Ingila a ƙasar Turkiyya, ta rubuta wa wata ƙawarta cewa akwai tsofaffin mata da ke bi gida gida da allura da ruwan ƙurjin agana. Sukan tsaga fatar mai lafiya su sa ɗan kaɗan, ya yi ciwo mai sauƙi, cutar ba ta sake kama shi. Ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, 'yarta kuma a Landan a 1721. A wannan shekara ta 1721 agana ta faɗa wa birnin Boston na Amurka, ta kashe mutum 844. Wani bawa da aka kamo daga Afirka, wanda aka laƙaba wa suna Onesimus, ya riga ya nuna wa ubangidansa tabon hannunsa, ya ce haka ake yi a ƙasarsu. Aka gwada a kan mutum fiye da 240, shida kaɗai suka mutu.

Ba na cewa a rage wa Jenner komai. Hanyarsa ta fi aminci, domin tsohuwar hanyar takan kashe, takan kuma yaɗa cutar. Amma shi ma a bakin mutanen karkara ya ji cewa wanda ya yi aganar shanu ya tsira. Wato kundin ya riƙe sunan wanda ya rubuta, ya saki na waɗanda suka sani. Tsofaffin nan na Turkiyya ba a ajiye sunan ko ɗayansu ba, Onesimus kuwa har sunan da uwarsa ta san shi da shi ya ɓace.

Ina cikin jin haushin Turawa sai zuciyata ta ce, "Kai fa?" Inna ta fi shekara arba'in tana yin daddawa. Ta san lokacin da kalwa ta dahu, da yadda za ta rufe ta, da kwanakin da za ta bar ta, da wari kaɗai take gane ta nuna. Masana a yau sun ce wasu ƙwayoyin halitta, Bacillus, su ke wannan aiki, kuma sun rubuta takardu a kai. Ni kuwa, ɗan jami'a, toshe hanci nake yi in wuce. Ban taɓa zama na tambaye ta ba har Allah ya yi mata cikawa. Laifi tudu ne.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, ga shawara. In hutu ya zo, kowa ya ɗauki littafi da biro ya zauna gaban ungozoma ko mai daddawa ko mai kaɗi ta unguwarsu. Ya rubuta sunanta da garinta da shekara, da wadda ta koya mata. Kada mu yi son kai: abin da ke cutarwa, irin yankan gishiri da cire belu, mu rubuta shi da illarsa. Malamanmu na kimiyya kuma su gwada sauran, abin da ya tabbata ya shiga kundi da sunan mai shi. Mai kundi ba ya iya sa abin da ba a rubuta ba, kuma ba wanda zai taso daga Landan ya rubuta mana Inna.

Allah ya ji ƙanta, ya sa mu dace, amin.