Abin da Ke Ƙarƙashin Fenti

Mu mazauna zangunan Kumasi damina biyu muke gani a shekara: babba wadda ke kai wa Yuli, da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Sa'an nan hunturu ya sauko ya busar da abin da ruwa ya jiƙa. Katako yana kumbura da damina, yana motsewa da hunturu, kuma a tsakanin wannan da wancan ne mahaɗarsa ke buɗewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka idan wani cikin 'ya'yanmu ya sa aka ƙera masa ɗan ɗakin katako a kan taya, wanda ake ja da mota a kwana cikinsa a hanyar fatauci, ba launin fentinsa muke fara tambaya ba. Irin wannan ɗaki ya yi suna ne a Amurka tun shekarun 1930, inda mutane ke haɗa shi a gida, su lulluɓe rufinsa da gorar ruwa. Su ma da ruwa suke yaƙi.

Mu da ke rubuta ƙorafe-ƙorafe a zauren dattijon unguwa mun saurari mai ɗaki da kafinta suna musu, ɗaya na cewa an cuce shi, ɗaya na rantsuwa fenti mai tsada ya shafa. Alhali ba ta tsakiyar allo ruɓa ke farawa ba. Ta gefen allon nan mai falle-falle take shiga, domin gefen yana zuƙar ruwa kamar lagwani. Tana shiga ta ramin ƙusa, da saman ƙofa, da ƙarƙashin daɓe inda taya ke watsa taɓo.

Masu sanin aikin tun daga zaɓen itace suke farawa. Odum yana jure ruwa da gara; wawa yana da araha da rashin nauyi, amma ba ya jimrin danshi. A bar katako ya bushe sosai, a goge shi, a kashe kaifin kusurwoyi, domin fenti ba ya zama da kauri a kan kaifi. A cike ramukan ƙusa, a shayar da gefen allo gam ko fenti har ya ƙoshi. Daga nan a shimfiɗa yadi mai kauri irin na tanti a kan gam, ya rufe rufi da mahaɗai, a bi shi da fentin mai shafi uku ko huɗu, kowane sai na baya ya bushe. Ƙasan daɓe a shafe shi da kwalta, saman ƙofa a yi masa ɗan indararo. Kuma a bar kafar iska, domin numfashin mai barci kansa raɓa yake zama a jikin bango.

Wannan ba sabon karatu ba ne gare mu. Kakanninmu a ƙasar Hausa da makubar ɗorawa suke kare katangar ƙasa, kuma ba sa jiran saukar ruwa kafin su yi yaɓe.

Abin da ke ba mu tsoro ba asarar katako ba ce kaɗai. Jarin yaro ne, da kayan da ya ɗauko bashi, da zumuncin gidaje biyu da ke sallah a sahu ɗaya. Fenti yana rufe aikin kirki da na ha'inci da launi iri ɗaya, sai damina ta biyu ta rarrabe su, a lokacin kuwa an riga an biya kuɗi.

Shi ya sa duk wanda ya zo mu rubuta masa yarjejeniya da kafinta, mukan ƙara layi guda: kada a buɗe gwangwanin fenti sai mai ɗaki ya zo ya durƙusa, ya leƙa ƙasan daɓe, ya shafa gefen allo da hannunsa.