Sakkwato, Inda Ake Dubawa Kafin a Yanka

Mai zuwa Sakkwato daga Kano ta Gusau da Talatar Mafara, galibi Hubbaren Shehu ne a ransa. Ni kuwa rakiyar baffana ce ta kai ni Gawon Nama, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya daɗe da kumburi a gefen maraina, ba ciwo ba raɗaɗi, kowa a gida ya yanke cewa gwaiwa ce. An sha jiƙo, an sha saiwa, babbar riga tana ta rufa asiri.

Sashen likitocin mafitsara na wannan asibiti ya yi suna tun ba yau ba. A nan Farfesa Isma'ila Mungadi ya shahara da gyaran toshewar hanyar fitsari da fatar cikin kunci. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka san kunyar dattijo. Likitan da ya duba Baffa ya sallame ni waje, ya yi ta lallashinsa da tattausan Sakkwatanci, har ya faɗi abin da ko iyalinsa bai taɓa gaya wa ba.

Likitocin ba su yarda da zancen gwaiwa ba, suka sa aka ɗauki hoto. Ashe ba ruwa ba ne, ba kuma hanji ne ya sauko ba. Curin kitse ne a jikin igiyar da ke riƙe da ƙwayar maraina. Yawancin irin wannan ƙari ba ya cutarwa. Sai dai akwai wani, ba kasafai ake ganinsa ba, mai suna lifosakoma, wanda ciwon daji ne, ya kuma fi kama waɗanda suka haura shekara 50. Idan ana zarginsa, ta matsematsi ake shiga, a ɗaure igiyar can sama, a cire ƙwayar da ƙarin da kitsen da ke kewaye, domin ɗan guntun da aka bari shi ke sake tsirowa. Bayan haka ma sai an yi shekaru ana bibiya.

Na Baffa, ɗakin gwaji ya tabbatar kitse ne kawai, aka cire shi aka bar masa ƙwayarsa. Mun sha zafin garin, mun kuma sha furarsa.

Maigida, in kana ɓoye irin wannan kumburi, daure ka je a ɗauki hoto tun yana ƙarami.