Daga Illela Zuwa Los Angeles: Inda Fim Ke Ci Gaba da Biyan Mai Shi

Na taso a Illela ina ganin buhunan kaset ɗin finafinan Kano ana sauke su ranar Lahadi, ranar kasuwa, kafin la'asar rabinsu sun tsallaka Ƙonni. Daga baya faifai ya zo, yanzu kuma sai yara masu kwamfuta da ke tura fim a waya. Ban taɓa tambayar kaina ko sisi na komawa ga fuskokin da ke jikin kwalin ba, sai da na je Los Angeles.

Maƙwabcin mai masaukina wani dattijo ne, ɗan wasa, amma ba tauraro ba. Shi ne ke fitowa a likita ko direba, ya yi magana biyu ya wuce. Wata safiya ya buɗe ambulan a gabana, sai ga cakin kuɗi na wani fim da ya yi tun kansa da baƙin gashi. Kuɗin ba su kai na kofin shayi ba, amma haƙƙinsa ne, kuma ya zo har ƙofa ba tare da ya roƙi kowa ba. Ya ɗauko tsohuwar yarjejeniyarsa ya nuna min layin da ya yi magana kan sayar da fim ɗin a kaset. Wallahi na daɗe ina kallon takardar nan.

Ba kyauta aka ba 'yan wasan can wannan haƙƙi ba. A 1960, lokacin da Ronald Reagan ke shugabancin ƙungiyar 'yan wasa, sun yi yajin aiki kan finafinan da ake haskawa a talabijin. A 1980 suka sake ajiye aiki kusan wata uku saboda kaset ɗin bidiyo, har suka ƙaurace wa bikin kyautar Emmy. A 2023 ƙungiyar, wadda yanzu ake kira SAG-AFTRA, ta yi kwana 118 tana yaji kan finafinan intanet. Kason da suke samu a faifai kaɗan ne, su ma suna ƙorafi, sai dai rubutacce ne, kuma akwai ofishin da ke bin sawunsa.

Mu kuwa tun fim ɗin Turmin Danya na 1990, sallama ɗaya ce a wurin ɗaukar fim, shi ke nan. A yanke waƙoƙin a tara a wani faifai a sayar, ɗan wasa bai sani ba. Da 'yar wasa Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa a 2022 ɗan abin da ake ba ta, aka yi ta cece-kuce, wasu furodusoshi suka musanta. Da akwai takarda, da gardamar ba ta kwana ba.

'Yan wasanmu, don Allah kafin a kunna kyamara ku nemi a rubuta: nawa ne yau, nawa ne kuma idan fim ɗin ya hau YouTube ko ya tsallaka iyaka.