Kyamara a Bakin Matan Fada

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar kamar awa guda ce a mota, gefe da gefe fadamun shinkafa. Mu da muka saba da aikin fim a Kano, inda darakta kan ce "a sake" har sai ransa ya kwanta, Argungu ba ta san wannan gata ba. Ranar babban su, da an buga bindiga dubban masunta za su kwasa da gudu, kowa da homarsa da goransa, su faɗa kogin Matan Fada. Wanda kyamararsa ta yi barci a lokacin, sai baɗi, in ma an yi.

Bikin kamun kifin Argungu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka binne tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

Yanzu kowa hoton sama yake so, na ɗan jirgin nan maras matuƙi. Yana da kyau, amma mutane kan koma kamar tururuwa, ba ka san wanda za ka bi da ido ba. Hoton nesa wuri kawai yake nunawa. Sai an matso. Wani dattijo mai ɗauka da na tsaya kusa da shi ya shiga ruwa har gwiwa, ya saita kan hannun wani masunci da ya cusa igiya a bakin giwan ruwa, laka na zuba daga gemunsa. Ya ce da yaronsa, "Kai, ɗauko min makaɗan cikin kwalekwale, za su yi mana rana."

Gaskiyarsa. Wurin haɗa hoto za a matse sun awa guda ya koma minti uku, kuma duk inda aka yanke, fuskar makaɗi ko ta Sarkin Ruwa ce ke rufe tsallen. Sai kuma tarkon da baƙi ke faɗawa: ɗauka daga gaɓa biyu. A wannan hoto masunta na gudu dama, a na gaba suna hagu, mai kallo ya ɗauka juyowa suka yi. Dattijon nan gaɓa ɗaya ya riƙe har aka kai kifi kan sikeli.