Wasiƙa daga Jamus: Hanyar Zama Masanin Zamantakewa

Ilimin zamantakewa fanni ne mai dogon tarihi a Jamus. Tun 1909 su Max Weber da Georg Simmel da Ferdinand Tönnies suka kafa ƙungiyar masanan fannin a Berlin, kuma har yau da littattafansu sabon ɗalibi ke fara karatu.

Digirin farko zango shida ne, wato shekara uku, ana shigarsa da Abitur, takardar kammala babbar sakandare. Baƙon da takardarsa ba ta kai wannan mizani ba sai ya yi shekara guda ta share fage a Studienkolleg. Kusan duk darussan da Jamusanci ake yin su, Jamusancin littafi kuwa, wanda ya sha bamban da na kasuwa. Mafi yawan jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin makaranta sai 'yan ɗaruruwan yuro a zango, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, tun 2017.

Abin da ke ba ɗalibai da yawa mamaki shi ne lissafi. Wanda ya zo da tsammanin muhawara kan talauci da aure da ƙaura sai ya tsinci kansa gaban kwamfuta yana tace alƙaluman SOEP, binciken da ke komawa gidajen da ya riga ya ziyarta duk shekara tun 1984 don ganin yadda rayuwarsu ke sauyawa. Wani kuma ya naɗi hirar awa guda, ya wuni yana rubuta ta kalma bayan kalma. Aiki ne mai cin rai, amma shi ne jarin ɗalibi, domin wannan gwaninta masu ɗaukar aiki ke nema. Jami'ar Mannheim ta yi suna wajen alƙaluma. Jami'ar Bielefeld, inda masanin fannin Niklas Luhmann ya koyar har 1993, tana da tsangaya guda ta wannan fanni kaɗai.

Daga nan sai digiri na biyu na zango huɗu, sannan na dakta. Mai burin zama farfesa kan ƙara wani babban littafin bincike da ake kira Habilitation. A nan hanyar ke yin ƙunci: wata doka ta 2007 ta ba jami'a damar riƙe mai bincike da kwantiragin wucin gadi shekara shida kafin dakta, shida bayansa. Wanda wa'adin ya cika bai samu kujerar dindindin ba galibi sai ya bar jami'a, ko da ya haura arba'in da iyali a wuyansa. Wannan asara ce ga fannin.

Don haka akasarin masu digirin a wajen jami'a suke cin abinci: hukumar ƙididdiga ta tarayya a Wiesbaden, cibiyar binciken ayyukan yi a Nuremberg, kamfanonin jin ra'ayin jama'a, ofisoshin tsara birane, sashen ma'aikata na kamfanoni. Aikin kula da jin daɗin jama'a yana da nasa digirin daban, kada a haɗa shi da ilimin zamantakewa. Baƙon da ya kammala karatu a nan ana ba shi izinin zama na wata 18 don neman aiki.