Lambu a Gidan Masu Jinyar Ƙarshe

Duk ɗalibin Hausa ya san yadda ake gaishe da marar lafiya, domin tun a aji ɗaya ake koya mana. Ka ce, "Sannu, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Ka ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Ya ce, "Amin." Daga nan sai a yi shiru. Wannan gaisuwa ta wadatar ga wanda zai warke ya koma gida. To, amma wanda likita ya riga ya shaida wa danginsa cewa cutarsa ba ta jin magani fa, wanda kullum mutum goma za su yi masa wannan tambaya ɗaya? Shi ma yana bukatar hira irin ta masu rai. Dalili ke nan da ya sa nake son in ba 'yan uwana ɗalibai labarin wani lambu da nake zuwa aikin sa kai a cikinsa a nan Ibadan.

Lambun yana bayan wani ɗan ƙaramin gidan jinya ne, irin wanda Turawa ke kira hosfis. A irin wannan gida ana kula da waɗanda ciwonsu ya yi nisa, yawanci masu ciwon daji, ana rage musu raɗaɗi domin su ƙarasa kwanakinsu cikin mutunci. Wata likita 'yar Ingila mai suna Cicely Saunders ce ta buɗe gida na farko na wannan zamani a Landan a shekarar 1967, mai suna St Christopher's, kuma a cikinsa ita ma ta rasu a 2005. A Afirka an fara da Island Hospice a Zimbabuwe a 1979, sannan Dokta Anne Merriman ta kafa wani a Kampala ta ƙasar Yuganda a 1993. A nan gida kuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen irin wannan jinya a 2007. Abin da Saunders ta koyar shi ne, ciwon wanda ya kusa barin duniya ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai tsoro, akwai kaɗaici, akwai damuwar iyali da kuɗi, akwai kuma ta ruhi. Maganin mofin yana kwantar da na jiki, sauran kuwa sai mutane.

Mu masu aikin lambun ba mu fi goma sha biyu ba. Akwai ɗalibai, da wata malamar makaranta da ta yi ritaya, da wani tela, da matar da mijinta ya rasu a gidan ta ci gaba da zuwa. Muna haɗuwa ranar Asabar da safe, sannan mun raba ban ruwa a tsakaninmu a sauran ranakun mako. An gina wasu daga cikin wuraren shukar da bulo har zuwa ƙugu, yadda wanda ke kan keken marasa lafiya zai iya miƙa hannu ya taɓa ƙasa ba tare da ya sunkuya ba. Ba ma fesa maganin ƙwari na kanti. Toka muke barbaɗawa, ko mu jiƙa ganyen dogon yaro mu yayyafa ruwan.

Zaɓen abin da za a shuka a irin wannan wuri yana da nasa lissafi. Mangwaro sai ya yi shekaru kafin ya ba da 'ya'ya. Kuɓewa tana ɗaukar kimanin wata biyu. Alayyafo kuwa cikin mako huɗu zuwa biyar an fara yanka. Saboda haka mun fi shuka alayyafo da lalo, wanda a Yarbanci muke kira ewedu, da kuɓewa da ɗaɗɗoya, domin mai shuka ya samu ya ga abin da ya shuka a cikin miyarsa. Duk da haka, idan marar lafiya ya ce zogale ko gwanda yake so a dasa, ba ma musu da shi. Ya fi mu sanin lissafin kwanakinsa, kuma ya san wa yake dasa wa.

Ni Yarbanci na tashi da shi, Hausa a makaranta na koye ta. Wata rana ma'aikaciyar jinya ta ce mini an kawo wani dattijo daga unguwar Sabo wanda ba ya jin Turanci, Yarbancinsa kuma na ciniki ne, ya kwana huɗu bai ce wa kowa komai ba sai "da sauƙi". Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, muna da ɗan lambu a baya, ko za ka so ka gani?" Ashe shekara talatin ya yi yana noman lambu a bakin rafi. Da aka tura shi kan keke muka isa, sai ya ƙare wa wurin kallo, ya ce, "'Yata, wa ya yi muku wannan komin? Ai ruwa ba zai zauna ba."

Tun daga ranar Baba ya zama malaminmu, ni kuma tafinta. Shi ya nuna mana a gauraya irin alayyafo da yashi kafin a watsa, don kada ya fito a cunkushe. Shi ya ce a bar dashen tumatir sai rana ta yi sanyi, a kuma tattara busasshiyar ciyawa a rufe gindin shuka lokacin hunturu saboda laima ta daɗe. A bakinsa na fara jin kalmar komi da jigo a wajen ƙamus. Tela ya daina ce masa marar lafiya, ya koma ce masa Sarkin Noma. Mutumin da wata da watanni sai dai a ɗaga shi, a wanke shi, a ba shi abinci a baki, ga shi yau shi ake jira ya ba da umarni. A ganina wannan shi ne babban amfanin lambun, ya fi ganyen da muke kai wa kicin. Baba ya yi mako bakwai tare da mu, ya ci miyar alayyafon da aka shuka da umarninsa sau biyu, sannan Allah ya yi masa rasuwa.

Masana ma sun duba wannan al'amari. A 1984 wani Ba'amurke mai suna Roger Ulrich ya buga binciken da ya yi a kan mutum 46 da aka yi wa aikin maɗaciya. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga barin asibiti, kuma ba su sha maganin raɗaɗi mai ƙarfi kamar ɗaya rabin ba. Waɗancan masu warkewa ne, namu kuwa ba sallama suke jira ba, amma Bahaushe ya ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin wasa ne. Akwai ƙa'idoji. Ba a fito da kowa sai da izinin ma'aikaciyar jinya. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ba ya taɓa taki, ƙasa ma sai da safar hannu. Ba a tsinko ganye a ce wa marar lafiya ga maganin cutarsa, kuma ba a yi masa alkawarin zai warke. Da rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, da guga muke jan ruwa daga rijiya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ka zo ranar Asabar ka tarar da gadon wanda kuka yi hira makon jiya an canza masa zani. Wasu daga cikinmu sun kasa jurewa sun daina zuwa, kuma ba mai ganin laifinsu.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan uwana ɗaliban wannan sashe. A asibitocin kudancin ƙasar nan akwai Hausawa 'yan kasuwa da direbobi da masu lambu da ke kwance, nesa da danginsu, babu mai yi musu magana da harshensu. Hausar da muke koyo don cin jarrabawa tana da aiki a bakin gadonsu, ko da tana da gargada. Duk mai sa'a biyu ranar Asabar ya nemi irin wannan gida mafi kusa da shi, ya tambayi shugabar ma'aikatan jinya abin da suke bukata. Zumunta dai a ƙafa take. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.