Baƙin Hayaƙi da Rabon Numfashi



A nan Bakori babur ne jakin manomi, shi ke kai masara kasuwar Funtua. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, babur mai zuƙar fetur ya zama jarrabawa ga mai iyali. Alamominsa sanannu ne: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai, fulogi ya yi baƙi ƙirin.

Bakaniken da nake kai wa nawa yakan wanke matatar iska, ya tabbatar cok bai maƙale ba, ya duba allurar kafireto, sannan ya juya sukurin iska sannu a hankali har ƙarar injin ta daidaita. A ma'aunin nauyi, injin na bukatar iska kusan kashi 15 ga kashi 1 na mai. Idan mai ya rinjaya, sai injin ya shaƙe.

Wannan kan tuna mini da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya kasa ciki uku: abinci, abin sha da numfashi. Wanda tuwon dare ya cinye masa rabon numfashi, tashi sallar Asuba zai yi masa nauyi.

Allah Ya tsare mu daga israfi. Wallahu a'alam.